Cass: Jirgi Ya Tsira, Gidaje Sun Tsira, Injin Katako Ya Zama Kango

Ranar 1 ga watan Yulin 1960 aka kashe injin yanka katako na garin Cass, a gundumar Pocahontas ta jihar West Virginia da ke Amurka, kuma daga ranar bai sake tashi ba. Shekara 58 zartunansa suka yi suna cin itace. Garin ba shi da wata sana'a sai wannan. Gidajen na kamfani ne, kantin na kamfani ne, layin dogon da ya hau dutse shi ma na kamfani ne. Ba a jima ba dogon da kawunan jiragen suka faɗa hannun wani kamfani mai suna Midwest Raleigh, wato 'yan gwangwan na can masu babban jari, suka shiga ɓamɓare ƙarfe. Duk wanda ya ga wurin a lokacin zai ce an gama da garin nan.

Yau, sama da shekara 60 bayan haka, jirgi mai aiki da tururi yana tashi daga tashar Cass ɗauke da 'yan yawon buɗe ido, hayaƙinsa baƙi ƙirin, usur ɗinsa na amsa-kuwwa a cikin kwari. Fararen gidajen ma'aikata na nan a jere da shingensu na katako, kantin kamfani a buɗe yake. Amma injin katakon, wanda dominsa aka kafa garin, kango ne. Mazauna kuwa, ƙidayar 2010 ta samu mutum 52, ta 2020 ta samu 38, a garin da ya taɓa ɗaukar wajen mutum 2,000.

To an ceci Cass ke nan, ko kuwa? Abin da ya fi tsaya mini a labarin shi ne yadda tacewar ta kasance. Duk ginin da ya samu sabon aikin da zai ciyar da kansa ya rayu, komai ƙanƙantar matsayinsa a tarihin garin. Wanda bai samu ba, komai girmansa, wuta ko ruwa suka cinye. Ba wanda ya zauna ya tsara hakan, amma haka ta kasance, kuma haka take kasancewa a kusan duk garin da masana'anta ɗaya ta haifa sannan ta tafi ta bari.

Asalin garin takarda ce. A ƙarshen ƙarni na 19 iyalan Luke, masu kamfanin West Virginia Pulp and Paper, suka gina masana'antar takarda a Covington ta jihar Virginia, ita kuwa masana'antar takarda ba ta ƙoshi da itace. Wanda suka fi so shi ne jan sifurus, bishiyar ƙasar sanyi, doguwa miƙaƙƙiya mai ganye kamar allura, wadda zarenta ke ba da takarda mai kyau. Dutsen Cheat cike yake da ita, daji ne da gatari bai taɓa yi wa komai ba. Da kamfanin jiragen ƙasa na Chesapeake and Ohio ya shimfiɗa reshen dogo ya bi gaɓar kogin Greenbrier, sai hanya ta samu. A 1901 aka kafa gari a inda rafin Leatherbark ke faɗawa kogin, aka raɗa masa sunan Joseph K. Cass, mataimakin shugaban kamfanin. Ƙananan itatuwa a tura Covington a niƙa, manyan gumagumai a yanka su katako a nan Cass.

Tsakanin 1908 da 1922 harkar ta kai inda ta kai. Injin na aiki kashi biyu, na rana da na dare, kowanne awa 11, kwana shida a mako. Bututun tururin da ke cikin ɗakunan busar da katako, in aka miƙe shi, zai kai mil 11. Ma'aikata tsakanin 2,500 da 3,000, da yawansu a sansanoni 12 da ke warwatse a kan dutse, abincinsu ma ta jirgi ake kai musu. A 1922 gobara ta cinye injin, aka sake gina shi ba tare da ɓata lokaci ba, domin a lokacin kuɗi yake kawowa. A riƙe wannan magana, za mu dawo kanta. A 1942 kamfanin takarda ya gama da dajin, ya sayar wa kamfanin Mower Lumber, wanda ya yi ta kalar abin da ya sake tsirowa har 1960.

Abin da ya ceci Cass tun farko ba gini ba ne ma. Wani irin kan jirgi ne mai ban mamaki da ake kira Shay.

Jirgin ƙasa na yau da kullum, in hawa ya wuce ƙafa 2 a cikin kowace ƙafa 100 ta tafiya, ya fara nishi ke nan. Hawan Cass a wasu wurare yana kai ƙafa 11 cikin 100, ga kwana masu tsanani, ga dogo da aka shimfiɗa cikin gaggawa. Wani mai sana'ar katako a jihar Michigan, Ephraim Shay, shi ya ƙirƙiro maganin wannan, ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1881, kamfanin Lima na jihar Ohio ya riƙa ƙerawa. In ka tsaya ta hagun Shay ba abin da za ka gani sai tukunya. Zagayo dama ka sha kallo. Fistan uku ne a tsaye suna sama suna ƙasa, suna juya karanshaf, shi kuma yana juya wata doguwar farfela da ta bi gefen jirgin tun daga gaba har baya, haƙoranta na shiga haƙoran ƙafafun. Babu ƙafar da ke zaman banza, har waɗanda ke ƙarƙashin tankin ruwa turi suke yi. An ma ɗan matsar da tukunyar zuwa hagu don nauyi ya daidaita, shi ya sa in ka dube shi ta gaba sai ka ga kamar ya karkace. Ƙararsa kai ka ce yana tsala gudun mil 60 a awa, alhali mai keke ma zai wuce shi. Direban babbar mota zai gane nan take: giya ta ɗaya ce aka sa, aka bar ta har abada. A wurare biyu kuma hawan ya fi ƙarfin a miƙe, sai jirgin ya shiga wani gajeren reshe da ba ya ɓullewa, a canza masa layi, ya dawo da baya ya hau mataki na gaba, kamar yadda jaki mai kaya ke hawa tudu a karkace.

Irin wannan inji yana da masoya, masoyansa kuma ba sa gajiya. Ɗaya daga cikinsu, Russell Baum daga jihar Pennsylvania, ya ga ana shirin narkar da su, ya haɗa kai da 'yan kasuwar yankin suka tunkari majalisar dokokin jiha da buƙatar jiha ta sayi dogon da jiragen. Lokaci ya taimake su. A wannan shekarar ta 1960 ne John F. Kennedy ya zagaya West Virginia yana neman tikitin takarar shugaban ƙasa, talaucin garuruwan jihar ya fito a jaridun Amurka, ga shi kuma a 1963 jihar za ta cika shekara 100 da kafuwa. Don haka hujjar da ta shiga kunnen 'yan majalisa ita ce aikin yi da baƙi masu kashe kuɗi, tarihi ya biyo baya. A 1961 aka amince, a 1962 aka yi ciniki, a 1963 jirgin farko ya ɗauki fasinja mil 4 zuwa wurin da ake kira Whittaker, a cikin taragun ɗaukar gumagumai da aka yi wa kujeru. Kimanin mutum 23,000 suka hau a wannan shekarar. A 1968 aka gyara dogon har Bald Knob, mil 11 daga gari, tsayin ƙafa 4,842, wuri na uku mafi tsayi a jihar.

Sai a lura da abin da jiha ta saya: dogo, kawunan jirgi, taragu da garejin gyara. Ba ta sayi gari ba. Gidaje, kanti da injin katako suka ci gaba da zama a hannun masu zaman kansu har 1977. Shekara 14 baƙo na zuwa ya ajiye mota, ya hau jirgi, ya sauko, ya tafi, gidajen da ke bayansa fenti na ɓarewa. Kafin gwamnati ta waiwayo, bango ya riga ya tsage.

Ga kuma wuta. A 1972 garejin gyaran jirage ya ƙone. A 1975 tasha ta ƙone. A 1978 wuta ta kama injin katako, a 1982 ta dawo ta ƙarasa. Tsohon injin katako da aka daina amfani da shi abincin wuta ne da aka dafa aka ajiye: ginin katako, daɓen da ya sha baƙin mai na gomman shekaru, ƙurar zarto a kowane lungu, ba mai gadi, ba ruwa a bututun kashe gobara. Amma dubi abin da ya biyo bayan kowace gobara. An sake gina gareji, don in babu shi jirgi ba zai tashi ba. An sake gina tasha, don a nan ake yankar tikiti. Injin katakon, wanda aka tayar da shi cikin hanzari bayan gobarar 1922, wannan karon ba wanda ya ɗora ko bulo ɗaya. Ginin dai shi ne, wurin ma shi ne, abin da ya bambanta kawai shi ne a 1922 yana da aiki, a 1982 ba shi da shi.

Ba na jin adalci ne a ɗora laifin duka a kan jami'an lokacin. Ko da bai ƙone ba, me za a yi da shi? Sashen goge katako kaɗai hawa uku ne, faɗinsa ƙafa 96, tsawonsa ƙafa 224. Rufin irin wannan gini kawai zai lashe kasafin gyaran gidaje da yawa. A manyan birane ana mayar da tsofaffin masana'antu gidajen haya, ofisoshi ko kantuna, domin akwai masu buƙatar wuri. A garin mutum hamsin da ke tsakiyar duwatsu wa zai kama hayar hawa uku? Wannan ita ce matsalar ƙananan garuruwa da ba a cika faɗa ba: ginin da ya fi ba da labarin garin shi ne ya fi girma, ya fi tsadar riƙo, ya fi wuyar samun sabon aiki.

Mutum zai ce ai akwai doka. Akwai, amma ba ta kai inda ake zato ba. Dokar adana wuraren tarihi ta Amurka ta 1966 ta kafa rajistar ƙasa ta wurare masu tarihi. Layin dogon Cass ya shiga rajistar a 1974, garin kansa ya shiga a 1980, wato tsakanin gobarar injin ta 1978 da ta 1982. Shiga rajista karramawa ce. Tana tilasta wa hukumomin tarayya su duba illar aikinsu kafin su taɓa wurin, tana buɗe ƙofar tallafi, amma ba ta hana mai gini rushe kayansa da kuɗinsa, ba ta kuma tilasta wa kowa ya gyara rufi. Babban abin da ke jawo masu kuɗi shi ne rangwamen haraji na kashi 20 cikin 100 na abin da aka kashe wajen gyara, shi ma sharaɗinsa ginin ya zama mai kawo kuɗin shiga. Ka ga ita kanta dokar ta bi layin da kasuwa ta bi.

Gidajen fa? Su sun ci sa'ar abin da a da ake ganin shi ne aibinsu. Garin kamfani mai shi ɗaya ne. Lokacin da injin ke aiki wannan na nufin wanda ya rasa aiki ya rasa gida, wanda ya yi wa manaja gardama ya san sauran. Bayan rufewa kuma sai ya zama ciniki ɗaya ya isa a mallaki gari sukutum, ba sai an bi magada gida-gida ba. Ba a raba filaye ba, ba wanda ya rushe nasa ya yi na zamani, ba wanda ya canza taga ko ya ƙara shago a gaba. Shi ya sa jerin gidajen Cass ya kai yau kamar yadda aka zana shi, benaye masu kama ɗaya, farare tas, da hanyar ƙafa ta katako a gabansu.

Sai dai kowa ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. Gidan katako a ƙasar dusar ƙanƙara kamar gidan ƙasa ne a wurinmu: in ba a yi yaɓe kafin damina ba, shekara biyu uku sai labari. Fenti shi ne yaɓensu. Da zarar ya ɓare, ruwa ya shiga katako, ya daskare cikin hunturu ya buɗa shi, ruɓa ta fara daga ƙasan taga da ginshiƙan baranda. Gidan da ba kowa a ciki ya fi saurin mutuwa, domin ba mai ganin ɗigon farko. Dabarar da hukumar wuraren shaƙatawa ta jihar ta yi ita ce ta gyara kimanin gidaje 20 ta riƙa ba baƙi haya na kwana biyu ko mako guda. Daga waje gidan 1910 ne. Daga ciki akwai banɗaki na zamani, kicin mai firji, da abin ɗumama ɗaki. Masu tsattsauran ra'ayi a harkar adana tarihi kan ce wannan kwaskwarima ce, ba gidan lebura ba ne kuma. Gaskiyarsu, amma ni ina ganin gidan da aka sa wa firji ya tsaya ya fi gidan da aka bari da asalinsa ya faɗi. Wurin ma na da abin da ke jawo masu haya ban da jirgi. Wurin wasan dusar ƙanƙara na Snowshoe na kusa, kuma garin na cikin yankin da aka taƙaita igiyoyin rediyo tun 1958 saboda manyan na'urorin sauraren sararin samaniya na Green Bank. Wayar hannu kusan ba ta aiki a can, akwai kuwa mutanen da ke biyan kuɗi musamman don su je inda ba za a same su ba.

Abin da aka biya a madadin haka shi ne mutane. Gidan da baƙo ke kwana a cikinsa ba ya haifar da ɗan makaranta, ba ya samar da wanda zai tuna wa ya zauna a gida na uku a layin. An adana jikin garin, zaman garin kuwa ya kusa ƙarewa. Akwai wata hanyar daban da aka bi a Scotia ta jihar Kalifoniya, garin kamfanin Pacific Lumber mai yankan manyan jajayen itatuwan nan na gaɓar teku. Wani kamfani mai suna Maxxam ya sayi Pacific Lumber a tsakiyar shekarun 1980, Pacific Lumber ɗin kuma ya durƙushe a 2007. A can ba gwamnati ce ta karɓa ba. An yanka garin fili-fili, aka kafa hukumar da za ta kula da ruwa da tituna, daga 2017 aka fara sayar wa mutane gidajen. Scotia ta riƙe mazaunanta, amma yanzu kowane gida da mai shi, kuma kowane mai gida da ra'ayinsa da ƙarfin aljihunsa. Gaba kura baya sayaki. Wanda ya ce maka akwai hanyar da za ta riƙe gini yadda yake, ta riƙe mutane, ta kuma biya kuɗin kanta a ƙaramin gari mai nisa, ka tambaye shi a ina ya gani.

Shi ma jirgin da ke jawo baƙin ba arha gare shi ba. Dokar tarayya ta ce kowane kan jirgi mai tururi, in ya yi kwana 1,472 yana aiki ko ya cika shekara 15, sai an kwance tukunyarsa an zare bututunta an auna kaurin ƙarfenta. Kamfanin Lima ya ƙera Shay na ƙarshe a 1945, kuma shi ne mai lamba 6 da ke Cass yanzu, nauyinsa tan 162, an yi shi ne don kamfanin jiragen ƙasa na Western Maryland kafin daga baya a kawo shi nan. Mai lamba 5 kuwa tun 1905 yake hawa wannan dutse. Ba kantin da za ka je ka sayi haƙorin farfelarsa. In ya cinye, sai an ƙera wani. Saboda haka gadon da ya fi kowanne saurin ɓacewa yana hannun makanikai ne da masu zuba kwal, waɗanda suka san daga ƙara kawai cewa wani abu ya fara kwancewa. Ma'aikatan farko na jirgin yawon buɗe ido tsofaffin ma'aikatan Mower ne, daga gare su sanin ya gangaro. Wata ƙungiyar 'yan sa-kai mai kula da tarihin jiragen ƙasa da yankan katako a jihar ta shafe shekaru tana farfaɗo da wani kan jirgi samfurin Climax mai lamba 9, har ya sake tashi a 2019. A 2015 kuma jiha ta miƙa tafiyar da jiragen ga kamfanin Durbin and Greenbrier Valley, ta riƙe gari da gidaje a hannunta. Ma'ana, ita ma gwamnati ta kai inda ta ga nauyin ya yi mata yawa ita kaɗai.

Yanzu ga inda nake ganin masu kula da irin waɗannan wurare ya kamata su ji nauyi a wuyansu. Tunda abin da ya tsira shi ne mai kyan gani da mai kawo kuɗi, labarin da baƙo ke tafiya da shi a karkace yake kamar tukunyar Shay. Yana ganin fararen gidaje a tsare, sai ya ɗauka haka rayuwar take. Waɗannan kuwa gidajen masu iyali ne da ke aiki a inji da jirgi. Masu saran itace, waɗanda su ne ƙashin bayan harkar, a sansanonin kan dutse suke kwana, a ɗakunan da ake ɗorawa kan tarago a matsa gaba in itacen wurin ya ƙare. Baƙin haure daga Italiya da wasu ƙasashen Turai da suka yi aikin shimfiɗa dogo, da ma'aikata baƙar fata, unguwanninsu daban ne a zamanin wariya, kuma ba irin nasu gidajen ne ke cika hotunan talla ba. A tsallaken kogi akwai Cass ta Gabas, wadda ba ta ƙarƙashin kamfani, inda masu saran itace ke saukowa su kashe albashin watanni a mashaya da gidajen caca cikin 'yan kwanaki. Gobara da ambaliya sun share mafi yawanta, musamman ambaliyar watan Nuwamban 1985. Can sama kuma akwai garin Spruce, mai sunan bishiyar, a tsayin sama da ƙafa 3,800, wanda mota ba ta taɓa zuwa ba sai jirgi, ko maƙabarta ba shi da ita, gawa ma sai a sauko da ita. Yau fili ne da 'yan harsashin gini a cikin ciyawa. 'Yan sa-kai sun yi ƙoƙari, sun sake haɗa samfurin sansanin shekarun 1940 a Whittaker da ɗakunan kwana da injin janyo gumagumai. Yana da amfani, amma kwaikwayo ne, kuma kwaikwayo ba ya wari, ba ya da kwarkwata.

Babban abin da ba ya cikin hoton shi ne dajin. Masana na kiyasin cewa jan sifurus da ya rage a jihar bai wuce kashi 10 cikin 100 na yadda yake a da ba. Bayan sara, rassan da aka zubar kan bushe, tartsatsin jirgi ya kunna su, wuta ta ci har ƙasar da itacen ke tsirowa a kai. Ruwan da ke gangarowa daga dutsen Cheat yana bin kogin Monongahela ne har birnin Pittsburgh, kuma babbar ambaliyar da ta afka wa birnin a 1907 na cikin abubuwan da suka sa aka yi dokar 1911 da ta ba gwamnatin tarayya damar sayen dazuzzukan da aka lalata. Daga nan aka samu gandun dajin ƙasa na Monongahela a 1920. Kan jirgin da yara ke ɗaga wa hannu yau shi ne makamin da aka aske dutsen da shi. Faɗin haka ba ya rage masa kyau, kuma duk mai yi wa baƙi bayani da ya tsallake wannan ya ba su rabin labari.

Mu ma mun san ciwon nan, ko da namu ba na katako ba ne. Ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos don jigilar kuza an rufe shi a 1957, shekara uku kacal kafin a kashe injin Cass, aka kwashe ƙarfensa, sai wasu kawunan jirginsa da aka ajiye a Jos. Baro, inda dogon da ya iso Kano a 1911 ya faro, ta daɗe da yin shiru. Kwatas ɗin reluwe a Zariya, Kafanchan da Minna su ma an gina su ne a jere ƙarƙashin mai gida ɗaya, kamar na Cass. A Ebute Metta ta Legas ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara wani tsohon gidan reluwe, Jaekel House, ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihi. Shi ma ya tsira ne don an samo masa abin yi.

A Cass har yanzu ƙa'idar ba ta canza ba. Reshen Chesapeake and Ohio da ya haifi garin an daina amfani da shi a ƙarshen shekarun 1970. Ɓangarensa na kudu aka cire dogo aka mayar da shi hanyar masu keke da masu tafiya a ƙafa, mil 78 a gefen kogi. Na arewa, daga Cass zuwa Durbin, ambaliyar 1985 ta yanke shi, ya yi shekara 38 a haka, sai a 2023 aka kammala sabuwar gada jirgi ya sake bi. An samu kuɗin gada domin za a sayar da tikiti a kanta. A kan dutsen Cheat kuma, filin eka 40,000 da hukumar gandun daji ta saya daga hannun Mower a shekarun 1980, bayan an yi haƙar kwal a wani sashensa, ana farfasa ƙasar da ta taurare ana dasa 'ya'yan jan sifurus, bishiyar da wanda ya dasa ta ba zai ga girmanta ba.

Kangon injin kuwa yana nan inda yake. A ganina bai kamata a sake gina shi ba, don abin da za a samu jabu ne mai tsada, bai kuma kamata a share shi ba. A tokare abin da ya rage kada ya faɗi, a sare itatuwan da saiwarsu ke tsaga bango, a yi hanyar da mutum zai zagaya lafiya ya ga inda gungume ke shiga da inda katako ke fita. Jirgin da ya tashi daga tasha zuwa Bald Knob ta gefensa yake wucewa cikin 'yan mintocin farko: bangon jan bulo, ƙarafan da zafin wuta ya lanƙwasa, manyan ƙafafun inji da tsatsa ta cinye, bishiyoyi sun tsiro ta tsakiyarsu. Yawancin fasinjoji a lokacin hankalinsu na kan hayaƙi da usur, suna neman inda za su tsaya su ɗauki kan jirgin hoto.